Tutar Barba Lovre

Mahaifina Lovre, wanda duk garin nan ke kira Barba Lovre yadda ake kiran kowane dattijo a bakin tekunmu, sana'a uku ya yi a rayuwarsa. Ya yi kamun kifi da koma shekara talatin. Ya yi aikin kama igiyar jirgin fito har gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama. Sannan ya yi riƙon tutar biki. Biyun farko su suka ciyar da mu. Ta ukun ko gishirin miya ba ta taɓa kawo mana ba, amma in ka tsare shi ka tambaye shi aikinsa, ita zai faɗa maka.

Yana da shekara ashirin da biyu ya fara. Wanda aka ba riƙon tuta a bikin wani ɗan uwansa ya sha ya yi tatul tun kafin a buga ƙararrawar coci, aka rasa mai shiga gaba, sai Baba ya ɗauka. Daga ranar, duk angon da zai tashi daga gidansu da danginsa zuwa gidan amarya, Baba ne a gaba, yana juya tuta a saman kawunan mutane, tuffa a soke a kan sandar. Bai taɓa barin ta taɓa ƙasa ba, samarin gidan amarya kuma ba su taɓa samun sa'ar sace ta ba, ko da yake sun sha gwadawa. Sandar daga filafilin kwale-kwalen kakana aka sassaƙa ta. Ƙasa ta canza suna, ƙyallen ya canza, sandar dai ita ce. Marigayiya Mama takan ce ita ta auri mutumin, amma kafaɗarsa ta dama ta gari ce.

A nan ba ma wahalar buga katin gayyata. Gidan da za a yi biki ya rataya tuta a baranda, shi ke nan an gaya wa kowa. Mata su fara shigowa da ƙwai da fulawa da sukari da man zaitun, wadda duk ka miƙa hannu ka karɓi nata, to ka gayyace ta, da mijinta, da 'ya'yanta, da surukarta mai kurumta.

Gidanmu ne kaɗai Baba bai taɓa yi wa wannan hidima ba. Mai tuta mutumin ango ne, shi kuwa 'ya ɗaya Allah ya ba shi, ni Tereza. Da na yi aure a gida, aikinsa shi ne ya tsaya a bayan ƙofa a rufe, ya tambayi dangin ango su wane ne su, me suke nema. Ban yi a gida ba. A Jamus na yi, a wani ofis, ranar Talata, da shaidu biyu daga masana'antar da muke aiki, sai da aka gama na buga waya. Baba ya ce "To," ya miƙa wa Mama wayar. Shekara talatin da ɗaya bai sake ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Da mijina ya rasu na tattaro 'yata Dinka muka dawo gida, tana da shekara tara.

Bara Dinka ta ce za ta yi aure. Yaron sunansa Kruno, mai walda ne a wurin gyaran jiragen ruwa, mutum mai sanyin hali wanda sai ka matsa kusa kafin ka ji gaisuwarsa. Daga can yankin Slavoniya yake, wani ƙauye da ba su san teku ba, inda yawancin gidaje an garƙame su da kwaɗo, masu su sun mutu ko sun tafi neman aiki waje. Duk duniya mahaifiyarsa kaɗai ta rage masa. Saboda haka Dinka ta zaunar da ni a kicin ta ce mutum goma sha takwas za a yi bikin da su, har da Fadan coci. Ba tuta, ba jerin gwano, ba kiɗa a titi. Ta ce ta je bikin ƙawayenta ta ga yadda ake yi, ba za ta yarda a cika coci da mutum ɗari uku na ɓangarenta ba, mijinta na tsaye a ɗaya gefen da tsohuwa ɗaya, mutanen gari suna ƙirga su da ido.

Na ce na ji, na kuma ga gaskiyarta. Sai ta ƙara da abin da ya tsaya mini a rai.

"Mama, in na leƙa na ga mutum na goma sha tara, zan cire rigar in hau bas. Akwai ofishin ɗaura aure a Zagreb, minti goma an gama. Ke ai kin san hanya."

Na san hanya kuwa. Na san yadda ake yi wa iyaye waya bayan an gama, ban kuma shirya in zama wadda za ta ce "To" ba.

Aka sa rana, Asabar ta biyu ga watan Oktoba, lokacin da baƙin bazara sun watse, gari ya dawo hannun masu shi. Ƙaramin cocin ƙarshen tashar jiragen ruwa, sannan abincin rana a tsakar gidanmu ƙarƙashin rumfar inabi. Rago ɗaya, kifi kaɗan, giyar Baba ta bara. Na ɗauka babu abin da ya kai wannan sauƙi. Na manta da wa nake zaune a gida ɗaya.

Baba bai ce a'a ba. Da ma ya ce, da mun yi faɗa mun huta. Abin da ya yi shi ne, duk cin abinci sai ya zo da suna ɗaya, ya ajiye shi a tebur kamar ba da gangan ba. Ita fa matar Vicko? Na ce ta rasu shekara huɗu, Baba, kai ka ɗauki akwatin. Ya ce to 'yarta. Washegari mai gidan burodi, wanda wai ya taɓa ara masa tsani. Jibi kuma wani da suka yi soja tare, wanda ko sunansa na gaskiya bai tuna ba. Na rubuta sunaye goma sha takwas na manna a jikin firji, na dawo na tarar an ƙara uku da fensir a ƙasa, da rubutun da ko makaho ya san na wane ne. Na goge. Aka sake rubutawa. Dinka takan ce masa, "Tsoho, ka bar wa mutane firji," shi kuma ya ce ja'ira, firjin ma ya girme ta.

Saura kwana goma muka hau bas ni da Dinka zuwa Split sayen takalmi. Mun yini muna yawo, ta gwada ƙafa goma sha biyu ta koma ta sayi na farko. Da la'asar bas ya karyo kwanar da ake fara hango gari, na ɗaga kai in duba gidanmu kamar yadda nake yi kullum. Tuta ce a barandarmu, a shanye a kan igiyar wanki, tsakanin singiletin Baba guda biyu, iska tana kaɗa ta yadda har masunta a tsakiyar ruwa za su gani.

Ban san yadda na hau matakalar unguwarmu ba. Kicin ba wurin sa ƙafa. Ƙwai a kwanduna, ƙwai a kwanoni, ƙwai har cikin tukunyar da nake dafa wake. Buhunan fulawa a jingine da firji sun rufe takardar sunayena. Baba na zaune a tsakiya da tabarau a hanci, fuskarsa fes kamar jariri. Gida ashirin da uku suka zo, kowace da hannunsa ya karɓa, har ya ba su kujera.

Na tambaye shi me ya yi ke nan. Ya ce ya buɗe akwati ya ji tana warin fumfuna, ga iskar arewa ta taso mai busar da kaya, sai ya ce bari ya wanke.

"Wanki na yi, Tereza. An hana wanki a gidan nan ne?"

Mutumin da tun da aka haife ni ko kofin shayinsa ban ga ya ɗauraye ba. Na ce to da matan suka zo fa, bakinsa ciwo yake da bai ce musu wanki ba ne? Ya ce mace ta hawo matakala sittin da ƙwai a hannu, shi ba a yi masa tarbiyyar da zai ce mata koma ba. Har yau in an tambaye shi, wanki ya yi.

Dinka ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta dubi ƙwan, ta dubi kakanta, ta ɗauki kwalin takalminta. A bakin matakala ta ce mini ta ba ni kwana biyu in gyara wannan ɓarnar.

Washegari da safe na yi abin da ba a taɓa yi a garin nan ba tun da aka aza dutsen farko. Na ari baron maƙwabci, na shimfiɗa bargo a ciki, na loda ƙwai da fulawa, na shiga bi gida gida ina mayarwa. Wanda bai tura baro cike da ƙwai a kan titin dutse mai gangara ba bai san baƙin ciki ba. Gida na farko matar ta sunsuna ƙwan, ta ce in faɗa mata gaskiya, wanne ne ya lalace. Gida na biyu aka riƙe hannuna aka ce Allah ya ba ni haƙuri, maza haka suke, yaron ya gudu ko? A na huɗu tsohuwar ta dube ni ta yi alamar gicciye, ta rufe ƙofa a hankali. Wata ta ja ni gefe ta tambaya wata nawa ne cikin. Kowane gida sai na yi bayani daga farko, cewa biki na nan, amarya lafiya, ango lafiya, ƙarami kawai za a yi. Kalmar ƙarami ita ce ba ta shiga kunnen kowa ba.

Na bar gidan Perina a ƙarshe don na san abin da ke jirana. Aji ɗaya muka yi da ita, benci ɗaya, kuma tun lokacin bakinta bai taɓa hutawa ba. Tana tsaye a ƙofa hannu a ƙugu, labari ya riga ni isowa.

"Sannu da aiki, Bajamushiya. A can haka ake yi? Kajina ba su san ana dawo da ƙwai ba, sai ki shiga ki yi musu bayani da kanki."

Na ce Perina, don Allah ki karɓa, ƙafata ciwo take. Ta ce ubana ya riƙe tuta a bikinta, ya riƙe a na 'ya'yanta maza biyu, na ƙaramin ma cikin ruwan sama da zazzaɓi a jikinsa, ko kofin giya bai karɓa a matsayin lada ba. Ta ce gari kaf shekara da shekaru ana jiran ranar da za a yi wa gidan Lovre kara, biki na farko na gudu da shi Jamus, na biyu kuma ina turo shi a baro. Na gaya mata dalilin Dinka, na ce yaron ba shi da kowa. Sai ta karɓi kwandonta ta ce in gaida Barba Lovre, shi kaɗai.

Na dawo gida da baro wayam da ƙwai uku fasassu a bargo. Na sauke tutar, na naɗe ta, na haɗa da sandar na kai ɗakin tarkace na ƙarƙashin rufi, na sa kwaɗo, na zura makullin a zare na rataya a wuyana. Dinka ta ce to, biki na nan.

Satin da ya biyo baya na fara girbar abin da na shuka. Mai kifi ya fara zaɓo mini ƙanana. A coci ranar Lahadi bencin da nake zaune ya zama nawa ni kaɗai. Ana ganina a bakin tasha sai hira ta koma kan yanayin iska. A gida kuma Baba ya daina yi mini magana, in yana son gishiri sai ya gaya wa kyanwa. Yakan sauka bakin ruwa ya zauna cikin tsohon kwale-kwalensa da ya daina fita da shi, ya yini yana kwance igiya yana sake ɗaurewa. Haushinsa nake ji har wuya, ina kuma leƙa shi ta taga ina jin wani abu da ban so in ba shi suna ba. Shekararsa saba'in da tara, kafaɗar nan tasa ko riga ba ta sa shi sawa sai da taimako.

Ranar Alhamis mahaifiyar Kruno ta iso. Sunanta Manda, 'yar ƙaramar mace da baƙin ɗankwali, awa tara a bas da akwati ɗaya da ƙaton tsiran alade irin na garinsu a naɗe a takarda. Ta sauka a ɗakin hayar ɗanta, can ƙarshen tasha kusa da wurin gyaran jirage. Da suka zo cin abincin rana, ba abin da take yi sai ba da haƙuri. A yi haƙuri ta zauna a nan, a yi haƙuri ba ta iya cin kifi mai ƙaya ba, a yi haƙuri su ba su da yawa. Ni hankalina na kan mai gasa rago da ya ce wai ƙila ya makara, na amsa mata sama sama.

Bayan an ci, na hango ta da Baba a kan dakalin dutse na ƙofar gida. Mutumin da ya yi kwana shida bai ce mini uffan ba, ga shi yana zuba. Na ga ta buɗe jaka ta fito da wani farin ƙyalle dogo mai ɗinkin jan zare, ta shimfiɗa a gwiwarta, Baba ya shafa shi da bayan yatsa. Na ɗauka mayafin tebur ne ta kawo wa amarya, na leƙa na ce wani ya zo ya taya ni shigar da kujeru.

Sai daga baya Manda ta gaya mini abin da ya gudana. Baba ya yi mata tambayar da ni da Dinka da ɗanta ba wanda ya yi mata, wato su a garinsu yaya ake biki. Ta ce su ma da tuta ake zuwa ɗauko amarya, kuma uwar ango ce ke ɗinka ƙyalle ta ɗaura a sandar da hannunta. Tun Kruno na da shekara goma ta fara ɗinka nata. Ƙanin mijinta ne zai riƙe tutar, ya rasu, sauran kuma sun watse. Ta san an ce ba tuta, ba ta kuma da ta cewa, ta dai sako shi a jaka ne don ba ta iya barin shi a gida ba. Ta ce Baba ya dai tambaye ta ko za ta ara masa shi zuwa Asabar.

Ranar Juma'a Baba ya yini a waje. Ban damu ba, na ce gara haka, na samu na goge faranti goma sha takwas ba mai ƙara mini na sha tara.

Asabar da safe na kai masa kofi na tarar ɗaki wayam, kwat ɗinsa ba ta jikin ƙusa. Na taɓa wuyana, makulli na nan. Duk da haka na hau sama na buɗe, tuta na kwance inda na ajiye ta, sandar ma haka. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ya tafi aski. Shirinmu shi ne Kruno da mahaifiyarsa su taho su biyu da ƙarfe goma, mu taka zuwa coci ba hayaniya. Na shiga ɗakin Dinka ina taya ta sa riga, ina cikin jan zif ɗin baya, ya kai rabi, sai muka ji kiɗan akodiyan daga wajen tasha, da muryoyi da yawa.

Muka fita baranda. Tun daga wurin gyaran jirage har kusa da gidan burodi titi a cike yake. Baba ne a gaba, cikin kwat ɗinsa, ɗauke da filafilin kwale-kwalensa, ɗanyen katako mai nauyi da ba a sassaƙa ba, tuffa a ɗaure a kai, farin ƙyallen Manda na kaɗawa a jiki. Bayansa Kruno ne, kunnuwansa jawur. Kusa da shi Manda, Perina ta saƙalo hannunta kamar tare aka haife su. Sannan mai kifi, mai burodi, 'yar matar Vicko, tsohuwar da ta yi mini alamar gicciye, duk gidaje ashirin da uku da na bi da baro da wasu da ban bi ba. Ashe yinin Juma'a bin sawuna ya yi, ƙofa ƙofa, yana ce musu gidan amarya ya cika, goma sha takwas ne ba ƙari, kada wanda ya je can, amma ango yana neman dangi. Matan kowace da faranti a hannu a rufe da adiko. Ƙwan da na mayar ne suka dawo a toye.

Dinka ta ce, "Ina jakata?" Ta koma ciki ta fara zare fil ɗin gashinta ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ban kuma taɓa jin haushin mahaifina irin na lokacin ba. Bas ɗin Zagreb na tashi sha ɗaya saura kwata, na san wannan sarai. Na ce mata ni ban sani ba, na nuna mata makullin a wuyana kamar wata mai laifi a gaban alƙali. Ta ce ta sani. Na ce to kafin ki cire rigar, zo ki ƙara dubawa sau ɗaya. Ba wata dabara nake da ita ba, lokaci kawai nake nema.

Ta dawo baranda da fil a hannu. Sun iso gindin matakalarmu. Daga nan ana ganin Baba sosai. A da sau goma yake juya tuta a sama ba tare da ya numfasa ba, yanzu ya ɗaga filafilin ya kaɗa shi sau biyu, ƙasa ƙasa, ya mayar kafaɗa yana cije leɓe. Manda kuwa, matar da ta yini tana ba kujera haƙuri, kanta a sama take tafiya, idonta na kan ƙyallen, hawaye na zuba ba ta ko share su. Kruno na buɗe baki yana bin waƙar da bai san baitinta ko ɗaya ba.

Suka hawo suka tsaya a ƙofa, kiɗa ya ɗauke. Aka ƙwanƙwasa da gindin filafili. Ƙofa a rufe take, kuma maigidan da ya kamata ya tsaya a bayanta ya yi tambaya yana waje, cikin baƙi. Na sauko, Dinka na bayana a kan matakala, rigarta a buɗe rabi. 'Yan goma sha takwas ɗinmu da suka riga suka iso duk suka zuba mini ido. Na sha jin yadda ake yi a ƙofofin mutane, ban taɓa yi ba.

Na ce, "Su wane ne?"

"Dangin Kruno ne," in ji Baba, da muryar da yake kiran jirgin fito da ita. "Mun zo da yawa, a yi haƙuri."

Aka yi dariya a waje. Ni ban taɓa sakata ba, na waiwaya na dubi 'yata, don maganar tata ce. Ta sauko ta matsa bakinta jikin katako.

"Kruno, kai ka yarda da wannan haukan?"

Na kasa kunne. Sannan muryarsa ta zo, a hankali yadda ya saba.

"Dinka, ban san ina so ba sai da na waiwaya."

Ta tsaya goshinta a jikin ƙofa. Sannan ta juya mini baya ta ce in ƙarasa ja mata zif, kuma in nemo fil biyu da suka faɗi a baranda. Na ja. Na zare sakata na buɗe ƙofa, ina shirin in faɗa wa tsohon nan maganar da ba zai manta ba, ko da a gaban gari ne.

Ya riga ni. Gumi na bin wuyan rigarsa, ya sunkuyo ya ce mini ƙasa ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, na yi saurin buɗewa.

"Sau uku ake tambaya. Da kin yi naki a gida, da kin sani."

Shekara talatin da ɗaya, sai yau, a bakin ƙofa, da filafili a kafaɗa. Na dube shi, ya dube ni. Na mayar da ƙofar na rufe a fuskarsa, na sa sakata. A waje Perina ta ce yauwa, Bajamushiya ta fara koyo.

Na sake tambaya su wane ne, me suke nema. Ya ce dangin ango ne, an ce musu akwai yarinya a gidan nan mai taurin kai irin na uwarta, sun zo su rage wa gidan wahala. Aka sake dariya, har Manda na ji muryarta a ciki. Aka zo ta uku. Na dafa katakon da tafin hannu, na ce wane ne a ƙofa.

Wannan karon bai ɗaga murya ba.

"Ni ne, Tereza. Buɗe, hannuna ya gaji."

Na buɗe, na sa kafaɗata ƙarƙashin filafilin tare da tasa don kada ƙyallen Manda ya taɓa ƙasa, muka shigar da shi tsakar gida.